Tambaya da Amsa: Yaya Isa Kaita ya zama ɗan majalisa kuma minista lokaci guda?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala karatu kan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina. Na rubuta cewa yana ɗan majalisa kuma yana ministan ilimi, sai wani ya ce min ba zai yiwu ba, dole ya ajiye ɗaya. Mako biyu ya rage na miƙa, hankalina ya tashi. In goge?

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yata, kada ki goge. A Jamhuriya ta Farko tsarin firayim minista irin na Ingila ake bi, daga cikin majalisa ake ɗauko minista, ta wakilai ko ta sarakuna, kuma yana nan kan kujerarsa. An zaɓi Isa Kaita a majalisar dokokin Arewa a 1951 ƙarƙashin jam'iyyar NPC (Jam'iyyar Mutanen Arewa), ya riƙe ma'aikatar ayyuka a 1954, sannan ta ilimi daga 1957 har juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. A zauren Lugard Hall na Kaduna yake miƙewa ya amsa tambayoyin 'yan adawa. Dokar sauka daga majalisa kafin karɓar minista ta tsarin mulkin 1979 ce.

Kuskuren da nake miki tsoro daban ne, kuma kullum sai na ci karo da shi: a rubuta "ministan ilimi na Najeriya". A'a. Ministan gwamnatin Jihar Arewa ne, ƙarƙashin Firimiya Sardauna. Na tarayya yana Legas, Aja Nwachuku ne ya daɗe a kujerar. Masu yaɗa tarihi a WhatsApp da Facebook sun ga yau kwamishina ake cewa a jiha, sai suka ɗauka duk minista na tarayya ne. Ko littafi ɗaya ba su buɗe ba, ɗalibai kuma su kwafa, wani malamin ya sa hannu bai duba ba. Abin na ƙona min rai, don da zarar kin mayar da shi Legas, aikinsa duka ya ɓace miki. A wancan zamanin, tun tsarin mulkin 1954, makarantun firamare da sakandare a hannun gwamnatocin yankuna irin ta Arewa suke. Matsalar da ya kwana da ita ta Arewa ce: ƙarancin malamai, iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu daga boko, da neman 'yan ƙasa da za su gaji Turawa a ofisoshi. A zamaninsa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shi kansa tsohon malamin Midil ta Katsina ne, ya san alli.

Ki je Arewa House ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ki nemi rahoton muhawarar majalisa. Duk maganar da aka jingina masa wadda ba ki gani a takarda ba, ki bar ta waje.