Me ya sa Kogin Kwara ke cika a tsakiyar hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye da ke bakin Kogin Kwara kusa da Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Bara mahaifina ya yi dashen albasa a gangaren kogi bayan ɗaukewar damina, amma a watan Disamba ruwa ya taso ya shanye fangalin duka, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Wasu sun ce Kamaru ce ta buɗe dam ɗinta, wasu kuma sun ce mutanen ruwa ne suka yi fushi, har wani ya nemi a ba shi baƙin bunsuru. Bana ma bashi muka ci na iri da taki, kuma hankalina bai kwanta ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar wa Baba da alheri. Ruwan da ya ci muku albasa ruwan sama ne, sai dai a ƙasar Gini ya sauka tun cikin watannin Yuli zuwa Satumba, ya shafe watanni a hanya kafin ya iso ƙofar gidanku.

Kwara ya taso ne daga tsaunukan Gini, kusa da iyakar Saliyo, wurin da bai wuce kilomita 240 daga Tekun Atlantika ba, amma maimakon ya gangara teku kai tsaye sai ya juya mata baya ya nufi hamada, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200, abin da ya sa shi ne na uku a tsawo a Afirka bayan Nilu da Kwango. Ambaliyarsa takan kai ƙololuwa a Bamako cikin Satumba. Daga nan sai ta faɗa wata shimfiɗaɗɗiyar fadama a tsakiyar Mali, tsakanin yankin Mopti da Tumbuktu, wadda a shekarar ruwa mai yawa takan shafe fiye da murabba'in kilomita 20,000. A can ruwan yake yin kwance cikin tabkuna da ciyayi, rana da ƙasa su sha kusan kashi 40 cikin 100 nasa, ragowar kuma ta riƙa tsiyayowa a hankali ta Gao, ta fara ɗaga kogi a Yamai cikin Nuwamba, ta kai iyakarta wajen Janairu, sannan ta wuce ta Gaya zuwa Kabi. Ke nan cika biyu kuke da ita a shekara. Ta damina ja ce jawur, domin ƙoramun da ke fitowa daga Burkina Faso, irin su Sirba da Dargol da Gorouol, suna kwaso jar ƙasa. Ta hunturu kuwa ta riga ta zubar da lakarta a Mali, shi ya sa ake ce mata baƙin ruwa. Ka ɗebi na Agusta a kwalba ka bar shi ya kwana, za ka tarar da laka kwance a ƙasa. Ka gwada na Janairu, da ƙyar za ka ga wani abu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kusan kullum sai na ji shi daga bakin manoma har da malaman makaranta, shi ne zaton cewa da zarar hadari ya daina haɗuwa a samanmu to kogi ya gama cika. Wannan zato ya dace da ƙoramar bayan gari, wadda ke cika da daddare ta ƙafe kafin la'asar. Babban kogi kuwa tsaunin da ya haife shi yake yi wa biyayya. Mutanen Masar sun yi dubban shekaru suna noma da ambaliyar Nilu a ƙasar da kusan ba a ruwan sama, domin ruwan a tsaunukan Habasha yake sauka. Kogin Indus na Pakistan yakan fara ƙaruwa ne da zafin bazara, lokacin da ƙanƙarar manyan tsaunukan arewa ke narkewa. Wanda ya auna Kwara da sararin samaniyar ƙauyensa zai yi dashe a cikin kwari a watan Oktoba, ya girke injin ban ruwa a bakin gaɓa, ya bar yara su yi wanka inda a makon jiya ruwa ke iya gwiwa, kuma duk wannan yana yin sa ne a daidai lokacin da ruwan Gini ya kamo hanya. Na taɓa ganin lambun da saman ganyen albasa kaɗai ke leƙowa daga cikin ruwa, mai shi yana tsaye a tudu da buhun takin da bai ƙarasa zubawa ba, yana ta rantsuwa cewa asiri aka yi masa.

Maganar Kamaru kuwa ba ta da tushe a wajenku. Dam ɗin Lagdo, wanda aka kammala a 1982, yana kan Kogin Binuwai ne kusa da Garwa, kuma Binuwai sai a Lakwaja yake haɗuwa da Kwara, ɗaruruwan kilomita ƙasa da ku. Gaskiya ne sakin ruwansa ya ƙara wa mutanen jihohin Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi wahala a 2012 da 2022, amma ruwa ba ya hawa tudu, babu yadda zai yi ya juyo ya iso Gaya. Masu yaɗa saƙon "an buɗe dam" a WhatsApp ba su taɓa duba taswira ba, mai neman bunsuru kuma nama yake so, domin ya san ruwan zai janye da kansa wajen Fabrairu zuwa Maris ko an yanka ko ba a yanka ba.

Laifin ba na manoma kaɗai ba ne. Ana auna tsawon ruwan nan a tashoshi tun daga Mali har zuwa Yamai, kuma tun da cikar hunturu a hankali take tafiya, ana iya sanin ƙarfinta makonni kafin ta iso. Abin takaici shi ne bayanin yakan tsaya a takardun Faransanci da Turanci a cikin ofisoshi, bai cika isa rediyon karkara da harshen da Baba yake ji ba.

Bana ku tambayi tsofaffin sarkawa inda ruwan hunturu ya saba tsayawa, ku haɗa da alamar da ya bari a jikin itatuwa bara, sannan ku yi fangali sama da nan, ko da janyo ruwa zai ƙara muku tsawon tiyo. Ku kafa sanda a bakin ruwa tun farkon Nuwamba, kuna yi mata tsaga kowace safiya. Kwarin da ke ƙasa kuma ku bar shi sai ruwa ya fara janyewa, lokacin ne za ku bi danshin da shuka mai saurin nuna.