Gajeriyar hanya ce, amma a tsaye take: in hau da Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake. Muna shirin zuwa gandun dajin Binuwai na nan Kamaru da mahaifina, shekarunsa sun haura 60. An ce mana akwai wata 'yar hanya da ake yankewa daga bakin kogi zuwa hanyar mota ta sama, ba ta kai kilomita ɗaya ba, sai dai akwai hawa. Zai iya?

Amsa: Wa alaikumussalam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada kilomita ɗayan nan ya ruɗe ka. Abin da za ka tambayi jagora shi ne mita nawa hanyar ke ɗagawa sama. Hanyar mita 600 da ta ɗaga mita 120 daidai take da hawa bene mai hawa 40, kuma babu matakala. Masu hawan duwatsu na da wani lissafi da William Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na matashi ne mai ƙarfi a ƙasar sanyi. Da dattijo, a ranar Garwa, ka ninka shi biyu.

Ni ba hawan ya fi damuna ba, saukowa ce. Mai hawa in ya gaji zai tsaya ya yi haki. Mai gangarowa kuwa nauyinsa duk kan gwiwa yake, ga tsakuwar rani da ke mirginawa ƙarƙashin ƙafa, ga busasshiyar ciyawa mai santsi. Don haka silifa da takalmin zuwa masallaci su zauna a mota. A sa kambas mai kaushin ƙasa, a ɗaure shi tamau don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Baba ya riƙe sanda, ya riƙa sauka a karkace, taku gajere, kai kuma ka kasance ta ƙasa da shi. Babbar riga ma a ajiye, ƙaya na kama ta.

Sai batun da 'yan birni ke mantawa. Wannan daji, wanda ya zama gandun ƙasa tun 1968, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,800, gidan dorina ne da ɓauna da zaki. Yawancin 'yan hanyoyin da ke tasowa daga kogi dorina ce ta buɗe su, ta nan take fita kiwo da dare ta koma ruwa da asuba. In ka ga hanya lafiyayya, faffaɗa, da kashi warwatse a jikin ciyawa, tata ce. Shiga tsakaninta da ruwa ba abin wasa ba ne. Shi ya sa ba a taka ƙafa a ciki sai da jagora ko ma'aikacin gandun daji, kuma in ya ce a tsaya, a tsaya.

Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu, ku kama hanya bayan gari ya waye sosai, ku gama kafin 10. Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, ban yarda ka kai tsoho ba. Kowa ya riƙe ruwa lita ɗaya da rabi aƙalla, a guji baƙaƙen kaya da shuɗi saboda ƙudan tsando.

In Baba na da ciwon zuciya, hawan jini da bai daidaita ba, ko ciwon gwiwa, ya fara ganin likita. In ya ji jiri ko nauyi a ƙirji, a zaunar da shi a inuwa nan take, mota ta zagayo ta ɗauke shi.