Ku Tambayi Kawu: Wai da gaske akwai "'yan'uwanmu na sama" masu gadin duniya?

Ban san wa ya saki bidiyon da ya rikita mutanen Jos a 'yan kwanakin nan ba, amma saƙonnin da suka shigo wayata wannan makon kusan duk kan magana ɗaya ne, don haka masu tambayar aure da haya ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ya sanyi? Ni ɗalibi ne a Unguwar Rogo, don Allah wani bidiyo nake ta gani a TikTok wai akwai wasu eliyan masu kama da mutane sak, dogaye farare masu gashi ruwan zinare da shuɗin ido, wai su ba mugaye ba ne irin masu ƙaton kan nan na fim, su ne ma suke hana yaƙin nukiliya tashi kuma gwamnatin Amurka ta san da su ɓoyewa kawai take yi, jiya a teburin mai shayi saura kaɗan a ba hammata iska a kan maganar nan. Gaskiya ce ko ƙanzon kurege?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, sanyi lokacinsa ne. Labarin nan da kake gani kamar sabo ya girmi mahaifinka, tsohuwar miya ce aka ɗumama aka zuba a sabon kwano. Masu harkar suna kiran waɗannan halittu Nodik saboda wai sun yi kama da mutanen Suwidin da Norwe, wasu kuma su ce musu 'yan'uwa na sama.

Wanda ya fi kowa yaɗa shi wani ne George Adamski, haifaffen Folan da ya tashi a Amurka, yana zaune a gindin dutsen Palomar a Kalifoniya inda ake da wani gidan abinci na matafiya. Ya ce ran 20 ga Nuwamba 1952 a cikin hamada kusa da wani ƙauye Desert Center wani jirgi mai kama da faifai ya sauka, wani kyakkyawan mutum mai dogon gashi ya fito, sunansa wai Orthon, daga tauraruwar nan da muke kira Zara matar wata, wato Zuhura, kuma ba da baki suka yi magana ba sai da nuni da zuciya da zuciya, saƙon kuwa shi ne ku daina wasa da bam ɗin nukiliya. To duba kwanan watan da kyau. Ran 1 ga wannan Nuwamban Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin na farko a tsibirin Enewetak, yaƙin Koriya yana ci, kowa a Turai da Amurka yana kwana da fargabar Rasha, sai ga baƙo daga sama ya zo da ainihin maganar da ke zuciyar kowa. Littafinsa na 1953 ya yi kasuwa ba kaɗan ba, har Sarauniya Juliana ta Holan ta karɓe shi a fada a 1959, jaridun ƙasar suka yi ta surutu. Abin da bidiyon ba zai gaya maka ba shi ne tun 1949 mutumin nan ya fitar da littafin ƙagaggen labari na tafiya duniyar wata da Zuhura, kuma abubuwan da ke ciki su ne ya dawo yana bayarwa daga baya a matsayin abin da ya faru da shi ido da ido.

Sai kimiyya ta zo ta ɓata ciniki. A Disamba 1962 kumbon Amurka Mariner 2 ya gifta ta kusa da Zuhura ya auno zafinta, a 1970 na Rasha Venera 7 ya sauka a kanta. Zafin wurin ya haura digiri 460, kai da kake ɗan Jos ka san ƙarfen da ake fitarwa daga kuzarmu a digiri 232 yake narkewa, nauyin iskar kuma ya ninka namu wajen sau 90. Ina mai gashin zinare zai zauna a nan? Ko gashin ba zai kai labari ba.

Ka san me ya faru? Sai 'yan'uwan suka tashi daga unguwar, kamar wanda ake bi bashi da ya ji an gano gidansa. Daga 1975 wani manomi a Suwizalan, Billy Meier, ya fara cewa wata mace mai suna Semjase tana kawo masa ziyara, ita kuma daga taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta, Surayya a Larabce, inda haske ma sai ya yi shekara sama da 400 kafin ya iso mana, to wa zai je ya duba? Kumbon Voyager 1 tun 1977 yake gudu ba tsayawa, duk tafiyar da ya yi kusan ta kwana ɗaya ce ta haske. Hotunan wasu mata biyu da Meier ya nuna a matsayin 'yan sama daga baya an gano mawaƙa ne a wani shirin talabijin na Amurka, tsohuwar matarsa ma ta fito ta ce wasu jiragen da murfin bola da tarkacen gida aka haɗa su. Duk da haka har gobe yana da mabiya.

Nahiyarmu ma ba a bar ta a baya ba, wata Baturiyar Afirka ta Kudu Elizabeth Klarer ta ce a shekarun 1950 a duwatsun Drakensberg ta haɗu da wani Akon, suka yi soyayya har ya tafi da ita duniyarsu ta haifa masa ɗa ta baro shi can, ka ga ba mai cewa a kawo yaron a gani ke nan. Kuma ni abin da ya daɗe yana ba ni dariya mai ciwo shi ne, a labaran da suka yi suna nagarin duk farare ne dogaye kyawawa, masu satar mutane kuma gajeru ne masu launin toka da manyan idanu irin na labarin Betty da Barney Hill, miji da mata 'yan Amurka da suka ce an sace su a 1961. Baturen zamanin wariya ya zauna zai zana mutumin kirki daga sama, kamannin wa kake so ya ba shi, na Babirom ko na Bafulatani? Madubi ya duba ya ƙara wa kansa tsawo.

Batun gwamnati kuwa, sojan saman Amurka sun yi wani shiri na binciken baƙin abubuwan da mutane ke cewa sun gani a sama, mai suna Project Blue Book, har zuwa 1969, suka tattara rahoto 12,618, guda 701 ne suka kasa tantancewa, kuma kasa tantancewa ba ya nufin baƙo ne, yana nufin bayanin bai isa ba. A Maris 2024 ofishin ma'aikatar tsaronsu mai binciken irin wannan ya fitar da rahoto ya ce bai ga hujjar fasahar wata duniya ba. Za ka ce ai dama ba za su faɗa ba, na ji, gwamnati tana ƙarya ba a Amurka kaɗai ba. To su 'yan'uwan fa me ya hana su? Shekara 70 suna ƙaunarmu sun iya ratsa taurari amma ba su taɓa kawo ko maganin maleriya ba, kullum sai nasihar a zauna lafiya wadda limaminku da faston maƙwabcinku suke yi kyauta kowane mako. Ka koma teburin mai shayi ka ce Kawu ya ce ƙanzon kurege ne, amma a bar hammata ta huta.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki, ni uwar gida ce daga Gangare, ni dai a ganina aljanu ne suke wa Turawan nan wasa da hankali don duk abin da aka faɗa ya yi kama da su, kuma ƙanena ya shiga wani guruf a WhatsApp da ake cewa za a koya musu karɓar saƙo daga sama har ana neman kuɗin rajista, abin ya dame ni.

AMSA: Yauwa ƙanwata, barka kadai. Ni ba malami ba ne, hukuncin ko akwai wasu halittu a sama sai ki kai wa malamai, akwai aya ta 29 a Suratush Shura da ake yawan kawowa a wannan muhawara kuma masu tafsiri sun yi bayanai a kanta. Amma kamar da kika gani ba ke kaɗai kika gan ta ba, wani masani Bafaranshe Jacques Vallée ya yi littafi a 1969 yana nuna labaran nan sun yi kama da tatsuniyoyin mutanen ɓoye na tsohuwar Turai, mutum shi kaɗai a daji da dare, a ɗauke shi a kai shi wani gari mai haske, a ba shi saƙo, ya dawo hannu rabbana. Mu da muka tashi da labarin wanda aljanu suka sace ya dawo da magani ai ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Sai dai ni ba na son mu ɗora wa aljanu laifin mai kamara da murfin bola, abin da ɗan Adam zai iya ƙullawa da hannunsa don littafinsa ya sayu ba sai an kira mutanen ɓoye ba.

Maganar ƙanenki ita ce ta fi tsaya mini. Da ma daga nan ake farawa, saƙon zaman lafiya da soyayya wanda ba mai ƙi, sai a ce kai zaɓaɓɓe ne, sai kuɗi, sai a raba ka da danginka. A 1954 wata mata a yankin Shikago, Dorothy Martin, ta ce 'yan wata duniya Clarion sun gaya mata ruwa zai ci ƙasa ran 21 ga Disamba kuma jirgi zai zo ya kwashe masu imani, wasu suka bar aiki suka rabar da kaya suka zauna jira, gari ya waye ba ruwa ba jirgi, maimakon su watse sai aka ce ai imaninsu ne ya sa aka fasa. Wannan da sauƙi. A Maris 1997 kusa da San Diyego mutum 39 'yan ƙungiyar Heaven's Gate suka kashe kansu wai za su hau jirgin da ke bin bayan tauraruwa mai wutsiya Hale-Bopp. Kada ki yi masa faɗa a gaban mutane don zai ƙara kafewa ne, ki ja shi gefe ki tambaye shi asusun wa kuɗin rajistar yake shiga, na sama ko na ƙasa, in kuma yana jin maganar wani kawunsa ko yayansa a sa shi a ciki tun kafin ya tura ko sisi.

TAMBAYA: Kawu ni direba ne a Farin Gada, wallahi da idona na ga fitilu sun jeru a sama kamar carbi bayan Magariba suna tafiya ba ƙara ta wajen duwatsun Shere, mu wajen shida muka gani, wannan fa?

AMSA: Ban ƙaryata ka ba malam direba, ka gani. Abin da ka kwatanta ya yi daidai da taurarin ɗan Adam na Starlink na kamfanin Elon Musk masu ba da intanet, tun 2019 ake harba su da yawa a tashi ɗaya, kwanakin farko suna tafe a jere kafin kowanne ya kama wurinsa a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, kuma ba fitila gare su ba, hasken rana ne yake dukansu bayan ta faɗi a wurinmu, shi ya sa sai bayan Magariba ko gab da Asuba ake ganinsu. Najeriya ce ma ƙasar farko a Afirka da suka fara aiki a 2023, wataƙila wani a layinku da su yake kallon bidiyon eliyan ɗin. In ka sake gani ka duba agogo ka rubuta lokacin da inda suka dosa ka turo min. In kuma kana son ganin garin su Semjase, a watan Disamba bayan Isha'i ka fita inda ba hasken janareto ka ɗaga kai ta gabas, kaza da 'ya'yanta suna nan a dunƙule, mai ido sosai zai ƙirga shida ko bakwai, ka dai sa rigar sanyi.