Tambaya da Amsa: Gajeren Fiffike ko Dogo a Gindin Kibiyar Farauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina koyon harbi da bakan zamani, irin mai ƙananan tayoyi a kunnuwansa biyu, bana kuma ina so in fita farauta da shi. Kibiyoyina sun zo da gajerun fuka-fukan roba, inci 2 kowanne. Wani dattijo da muke atisaye tare ya ce in cire su in liƙa gashin tsuntsu mai inci 5, wai gajeren ba ya iya riƙe kibiya idan aka ɗaura mata kan farauta mai reza. Amma na ga yawancin matasa gajeren suke harbawa. Wanne zan bi?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi saurin raina maganar dattijon nan, kada kuma ka yi saurin kankare fuka-fukanka. Ina kyautata zaton shi da bakan gargajiya ya saba, wanda ake ja da yatsu, kuma a kan irin bakansa gaskiya ya faɗa maka. Kai kuwa wani baka ne daban a hannunka.

Bari mu fara da aikin fiffike. Shi ke jan gindin kibiya baya a cikin iska domin kai ya ci gaba da zama a gaba. Muddin tsinin atisaye ne a kan kibiyar, wanda ba shi da faɗi, ɗan fiffike kaɗan ya wadatar. Da zarar ka ɗaura kan farauta mai reza a buɗe, to ka sa wa kibiyar wani fiffike ne a goshi. Rezar tana kama iska tana neman karkatar da kibiyar, na baya yana neman dawo da ita kan hanya, wanda ya fi kama iska a cikinsu shi ke yin nasara. Abin dubawa ke nan: me ke gaban kibiyarka, kuma yaya take barin tsirkiya.

Mai ja da yatsu, lokacin da ya saki, tsirkiya tana zamewa gefe kafin ta miƙe, sai kibiyar ta fita tana lanƙwasa dama da hagu kamar kifi a ruwa. Ga shi kuma gudunta bai kai na bakan zamani ba, yawanci bai cika ƙafa 200 a daƙiƙa ɗaya ba. Turjiyar iska kuwa tana ƙaruwa ne sosai da gudu: idan gudu ya ninka biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Kibiya mai tafiyar hawainiya dole a ba ta faffaɗan fiffike kafin ta nutsu da wuri. Kuma gashin tsuntsu, wanda galibi na fiffiken talotalo ne, yana kwantawa idan ya gogi jikin baka, ya wuce lafiya. Roba ba ta kwantawa, dukan bakan take yi ta harba gindin kibiyar gefe. Na ɗanɗana wannan da kaina. Shekarun baya na ga gajerun robobin sun ba ni sha'awa, na liƙa su a kibiyoyi shida na bakana na gargajiya. A yadi 20 ina ganin gindin kibiyar yana kaɗawa da idona, wata ta sauka a karkace, wata ta kauce wa abin bara gaba ɗaya. A daren na zauna da wuƙa na kankare su duka, na koma gashi mai inci 5, kuma har yau shi nake harbawa a wannan bakan.

Naka bakan, idan da na'urar saki kake ja, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe tsirkiya ya sake ta a madadin yatsu, kibiya tana fita kusan a miƙe, da gudun da kan kai ƙafa 270 ko fiye. A nan gajeren fiffike yake cin kasuwarsa. Amma ka lura, ba gajarta ce ke aikin ba. Dubi irin Blazer, gajeren fiffiken roba na kamfanin Bohning: tsawonsa inci 2 ne, sai dai tsayinsa daga jikin kibiya ya ɗan haura rabin inci, ga tauri. Abin da ya rasa a tsawo ya rama a tsayi. Akwai kuma wasu gajeru masu kwanciya ƙasa-ƙasa, na 'yan gasar harbin nesa ne, kada ka kai su kusa da kan farauta.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne murɗi. Fiffiken da aka liƙa a miƙe ɗoɗar da jikin kibiya ba ya sa ta juyawa. Idan aka ɗan karkata shi da digiri 2 ko 3, ko aka naɗa shi ya bi jikin kibiyar a murɗe, sai ta riƙa juyi tana tafiya, kuskuren da rezar ke son jawowa ya rarrabu ko'ina maimakon ya taru a gefe guda. Sau da yawa na ga gajere mai murɗi ya fi dogo miƙaƙƙe haɗa kibiyoyi wuri ɗaya. Ni murɗin dama nake yi, domin idan kibiyar ta bugi abu, juyin yana ƙara ɗaure kan ne, na hagu kuwa kwance shi yake yi. In gashin tsuntsu ka zaɓa, kada ka haɗa na fiffiken dama da na hagu a kibiya ɗaya.

Sauran bambance-bambancen ba su da wuyar ganewa. Dogon gashi yana da ƙara, iskar gefe ta fi tura shi, kuma ruwan sama yana kwantar da shi sai in ka barbaɗa masa hodar hana jiƙewa. Roba ba ruwanta da ruwa. A nauyi kuwa gashi ne ya ci: a ma'aunin giren da ake auna nauyin kibiya da shi, mai inci 4 bai fi giren 3 ba, Blazer ɗaya kusan giren 6, giren 15 da ɗoriya kuma shi ne giram ɗaya. Sauƙin gindi yana tura nauyi gaba, kamfanin Easton mai ƙera kibiyoyi kuwa yana ba da shawarar rinjayen gaba na kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ga kibiyar farauta, wato wurin da nauyinta ke daidaituwa ya zarce tsakiyarta zuwa gaba da wannan kaso na tsawonta. Maganar cewa dogo yana rage gudu gaskiya ce, amma a ƙasa da yadi 30, inda ya kamata sabon maharbi ya tsaya, da ƙyar za ka ga bambanci.

Ga shawarata. In kan da za ka yi amfani da shi irin mai buɗewa ne sai ya bugi dabba, bar gajerunka, sun isa. In mai reza a buɗe ne, musamman faffaɗa, yi gwaji kafin ka yanke hukunci. Shafa jan baki a bakin fuka-fukan ka harba, ka duba ko ya bar alama a mazaunin kibiya ko a igiyoyin baka, domin fiffiken da ke gogar wani abu, tsawonsa ba zai cece shi ba. Sannan ka shirya kibiyoyi uku da gajere mai murɗi, uku da mai inci 4, ka harba kowacce da tsinin atisaye, ka sake harba ta da kan farautar, a yadi 20, 30 da 40. Kowace mai reza ka ba ta nata wurin bara, in ba haka ba za ta aske fiffiken 'yar'uwarta. Wanda kan farautarsa ya sauka inda tsinin atisaye ya sauka, shi ne naka. Idan duka biyun suka kauce ta gefe ɗaya, laifin ba na fiffike ba ne, saitin bakan ko taurin kibiyar za ka bincika.

In kuma suka yi kunnen doki, ɗauki wanda ya fi kama iska, ko ka ƙara gajeren fiffike na huɗu a kan ukun da ke gindin kibiyar. A filin atisaye kana tsaye daram, hankalinka kwance. Ranar farauta kana durƙushe, hannu na rawa, sakin ba zai yi tsabta kamar yadda ka saba ba, kuma ragowar fiffiken nan ita ke gyara abin da hannu ya ɓata. Na taɓa bin sawun jinin barewar da na yi wa mugun harbi tun hantsi har duhu ya shiga ban same ta ba, kuma ba na so ka kwana da irin nauyin da na kwana da shi a ranar.