Amsa kan baushen nan da ke ƙin tashi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan amsar ta ƙanenmu ce da ya turo hoton bindigar baushen mahaifinsa, ya ce wani lokacin in ya ja kunama ba ta tashi, kuma in ya rufe ta tana girgiɗi. Ƙanena, na san inda ka dosa, so kake mu ce ka kai wa mai walda. To kada ka kai.

Wannan Baikal ce mai baki ɗaya, ƙirar Izhevsk a Rasha. In ka ga USSR a jikinta to tsohuwa ce, tunda Tarayyar Sobiyet ta rushe tun 1991. Ka ɓalle katakon ƙasan bututun, ka duba lambobin da aka buga a ƙarfen, za ka ga 12 da 70. 12 ɗin nan girman baki ne. Wanda mutane ba sa kula da shi shi ne 70, tsawon ɗakin harsashi kenan a milimita. Harsashi mai tsawon milimita 76 zai shige lafiya lau, amma in ya tashi bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa, ƙarfin sai ya taru a ciki.

Maganar ƙin tashi kuwa, ka dubi gindin harsashin da ya ƙi. In ramin da allura, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi, ta yi ɗan kaɗan ne, ko allurar ta cinye, ko sifirin ya saki, ko tsohon mai ne ya daskare da ƙura. In ramin ya yi zurfi, laifin harsashi ne, ya sha sanyin damina. Kuma in ta ƙi kada ka buɗe nan take, ka riƙe bakin inda babu kowa kamar rabin minti.

Mai walda fa! Ta yayana haka aka yi mata. Allura ce kawai ta karye, mutumin ya goge ƙusa ya cusa, ya ga tana girgiɗi ya ɗora mata wuta a maƙalla. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Har kuɗin aiki ya karɓa yana cewa ta fi sabuwa. Bindigar da ta ciyar da gida shekara da shekaru, yanzu tana rataye ba mai yarda ya harba ta. Wallahi har yau in na tuna... a bar shi dai.

Af, kafin ma duk wannan, ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka ɗaga bututun ga haske. Bindigar da ta daɗe a rataye zanzaro yana gina ɗaki a cikinta, kuma ɗan laka kaɗan ya isa ya fasa bututu. In ka ga kumburi ko tsatsa ta ci rami, magana ta ƙare, ajiye ta.

Girgiɗin nan aikin mai gyaran da ke da izinin 'yan sanda ne, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Lasisin ma da sunan baba yake, ba ya zama naka don ka gaje ta, ka je ofishinsu. Turo min hoton gindin harsashin tukuna.