Feshi uku, tsutsar masara tana nan daram

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni manomi ne a yankin Saminaka. Sau uku na yi wa masarata feshi cikin kwana 20, amma tsutsa tana nan cikin zuciyar shukar. Mai shagon magani ya ce in haɗa kala uku in ninka murfin awon maganin, wai ta bana ta yi taurin kai. Wasu kuma sun ce cikin taki aka kawo mana ita. Bashi na ci na yi noman nan, barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba da ikon biyan bashin. Kafin komai, kada ka haɗa maganin nan.

Zancen taki kuwa shaci-faɗi ne. Uwar tsutsar wata faɗa-wuta ce mai launin toka, danginsu ɗaya da malam-buɗe-littafi, sai dai ita da dare take yawo. Asalinta nahiyar Amurka. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, masanan cibiyar binciken noma ta IITA suka tabbatar da ita. Ta isa Indiya a 2018, Ostireliya a 2020. Abin da ke iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya ba ya jiran buhun taki. Idan kana son tabbatarwa ita ce, duba kan tsutsar, za ka ga alamar Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya.

To, batun ninka murfi. Wannan magana ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Mutane sun ɗauka idan tsutsa ba ta mutu ba, magani ne ba shi da ƙarfi. Galibi maganin bai ma taɓa ta ba. Macen faɗa-wutar takan zuba ƙwai 100 zuwa 200 wuri guda a jikin ganye, ta lulluɓe su da gashin jikinta, su ƙyanƙyashe cikin kwana 2 ko 3. A kwanakin farko tsutsotsin suna fili, suna kankare ganye har ya yi shara-shara kamar tsohon mayafi. Lokacin feshi ke nan. Da ta girma sai ta nutse can ƙasan zuciyar masarar, ta toshe bayanta da kashinta mai kama da dusar katako. Kai kuma ka zo da rana tsaka kana watsa magani bisa ganye. Ko kala goma ka haɗa, a kan dusar zai tsaya. Kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da za ta ci a rayuwarta, a matakin ƙarshe take cinsa, wato sanda ɓarna ta fito fili, tsutsar ta kusa gangarawa ƙasa ta kwanta, bayan kamar kwana 9 ta fito da fiffike.

Wa haɗin naka zai kashe? Zai kashe wani ɗan mitsitsin zanzaro, Telenomus remus, da ke saka ƙwansa cikin ƙwan faɗa-wutar, wanda aka tabbatar akwai shi a Nijar har masanan cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore suka yi kiwonsa. Zai kashe tururuwa da gizo-gizo masu yi maka aiki kyauta. 'Yan tsutsar da suka tsira kuma su haifi masu jure magani, abin da tuni aka gani a Amurka. Sannan ga kai. Na taɓa tarar da wani matashi yana motsa irin wannan haɗi da hannunsa a bokiti, tankin feshi yana ɗiga a bayansa, babu takalmi. Kafin la'asar yana amai, miyau na dalala, sai asibiti. Wanda ya sayar masa ko takardar jikin kwalbar bai taɓa karantawa ba, amma a kasuwa "likita" ake ce masa.

Gobe da asuba ka shiga gonar, ka tsaya wuri 5, kowane wuri ka duba shuka 10. Ƙwan da ka gani ka murje shi da yatsa. Idan masarar ƙarama ce kuma kamar 10 cikin 50 suna da sabuwar ɓarna da ƙananan tsutsotsi, yi feshi da magani ɗaya mai rajistar NAFDAC, daidai awon da aka rubuta, da sassafe ko da yamma, bakin feshin a cikin zuciyar shukar. Karo na gaba ka sauya zuwa wani aji na magani, malamin gona zai nuna maka. Manyan da suka ɓuya, zaƙulo su da hannu ko ka zuba musu ɗan yashi da toka. Masarar da ba a cinye mata zuciya ba takan farfaɗo ta yi goyo, ko da ganyenta ya zama tsumma.