Ku Tambaye Mu: Tsohuwar Firinta da Sabuwar Kwamfuta

TAMBAYA: Na gaji firinta ƙirar HP LaserJet 4 Plus daga shagon buga takardu na mahaifina, kuma har yanzu lafiyarta ƙalau, sai dai kebul ɗinta mai faɗin baki ba shi da wurin shiga a kwamfutocin gidanmu. Shin akwai yadda za a yi kowa ya riƙa aika mata aiki ta rawutar gida? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Malam, akwai hanya, kuma ban ga dalilin rabuwa da ita ba. Wannan firinta ta fito ne a 1994, lokacin da ake haɗa firinta da kwamfuta ta kebul mai fil 36 a ɓangaren firinta da 25 a ɓangaren kwamfuta, tsarin da USB ya zo ya ture.

Abin da masu shago za su fara miƙo maka shi ne kebul mai USB a kai ɗaya da tsohon bakin a ɗaya kan. Yana aiki, amma kwamfuta guda yake haɗawa, kuma dole ta kasance a kunne kafin wani ya iya bugawa, don haka bai biya buƙatarka ba.

Shawarata ita ce ka ba firintar adireshinta na kanta a cikin gidan. A bayanta akwai wani rami da ake kira MIO, wanda aka tanada domin katin JetDirect, wato katin HP mai haɗa firinta da rawuta. Idan ka samo irin wannan kati a wajen masu sayar da kayan kwamfuta na hannu, sai ka ja waya daga gare shi kai tsaye zuwa rawuta. Ka lura da abu biyu kafin ka biya kuɗi: katin ya kasance yana da ramin wayar RJ-45, wato irin wayar da ke shiga rawuta, domin wasu tsofaffin suna da zagayayyen bakin BNC ne kawai, sannan ya kasance yana jin TCP/IP, wato harshen da kwamfutoci da rawuta ke magana da shi. Gudunsa yawanci megabit 10 ne a daƙiƙa, abin dariya a yau, amma ya ishi takarda har da saura. Idan katin ya gagara samuwa, akwai ƙaramin akwatin da ake maƙalawa a tsohon bakin firintar yana yin wannan aikin.

Daga nan sai ka sa mata adireshin IP tsayayye, ta maɓallan gabanta idan katin ka samu, saboda idan rawuta ta canza mata lamba bayan an ɗauke wuta, kwamfutoci za su neme ta su rasa. A Windows ka ƙara ta da hannu ta wannan adireshi, a ƙofa (port) mai lamba 9100. Batun direba kuwa, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa firinta da ita, kada ya tayar maka da hankali, domin harshenta PCL 5e ne, kuma direban PCL 5 na gama-gari yakan wadatar.

Wayoyin hannu ne ba za su gan ta ba, tunda ta girmi AirPrint, tsarin bugawa daga wayoyin Apple, da shekara 16. Maganinsu shi ne ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ɗauke da CUPS, manhajar sarrafa aikin bugawa, ta karɓi aiki daga waya ta miƙa mata.

Ka kuma kiyaye ɗora firintar a kan ƙaramar inbata, domin injin da ke gasa hodar tawada a jikin takarda yana jan ɗaruruwan wat a lokacin da yake ɗumama.